ƘURAR SANA'A: MU KARE HUHUNMU

Wannan jawabi ne da wakilinmu ya yi wa manya masu koyon karatu a wata cibiya ta ƙasar Magarya, bayan an gama girbi. Cikin masu saurare akwai masunta, da masassaƙa, da masu injin niƙa, da mata masu sussuka. Mun buga shi dukansa domin cibiyoyin Magarya da na Dungas su karanta, su tattauna.

    

Yau maganar ƙura ce ta kawo ni. Na ga wasu sun yi murmushi. Kuna cewa a ranku: wannan yaro ya taso tun daga Magarya don ya gaya muna abin da muke shaƙa tun ranar da aka haife mu? Gaskiyarku. Cikin ƙura muka tashi. Amma ƙura iri-iri ce. Akwai wadda iska ke kawowa, ba mu da iko a kanta. Akwai kuma wadda mu da kanmu muke tayarwa wajen sana'a. Wannan ta biyu ita ce maganarmu, domin ita muna iya rage ta.

Bara na je gaida wani dattijo mai ɗinkin katifa. Shekara da shekaru yana cusa audugar rimi cikin katifa da matashi, a wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa ɗaya. Na tarar da shi zaune bakin ƙofa. Kafin ya amsa gaisuwata sai da ya tsaya ya numfasa sau biyu. Bai taɓa shan taba ba. Ya ce mani: "Ɗana, sana'ata ta ciyar da ni, amma ta cinye mani ƙirji." Tun ranar nake neman abin da zan karanta a kan wannan al'amari. Abin mamaki, darasi mafi kyau da na samu, a wurin masu yin kayan su na same shi.

SANDAR FATSA MAI MARIƘIN KARAN-MISKI

Masuntan Korama, kun san fatsa. Yaro na samun kara ko sanda, ya ɗaura zare da ƙugiya, ya sa tana, ya kamo tarwaɗa ko karfasa. A Amurka da ƙasashen Turai ma ana kamun kifi da fatsa. Can akwai masu sana'ar haɗa sandar fatsa da hannu. Abin da ya fi damunsu shi ne mariƙin sandar. Hannu jiƙaƙƙe, kifi mai santsi, sanda sai ta suɓuce.

Ga dabarar da wasunsu ke yi. Su goge mariƙin har ya yi sumul. Su shafa masa gam. Tun gam ɗin bai bushe ba, su fesa masa wani zare da aka yayyanka ƙanana ƙanana. Zaren nailan ne ko makamancinsa. Tsawon kowane guntu bai wuce milimetir ɗaya ko biyu ba. Idan ka gan shi cikin gwangwani sai ka ce gari ne. Wasu da ɗan famfon iska suke fesawa. Wasu kuma na'urar lantarki ce ke sa kowane guntun zare ya tsaya tsaye cikin gam. In ya bushe, mariƙin ya yi laushi kamar karan-miski, ba ya santsi ko da ya jiƙe.

Aikin yana da kyau, amma yana da wahala guda. Zaren da ya kama gam kaɗan ne. Sauran duk tashi yake yi. Ya shiga hanci, ya shiga ido, ya manne a riga, ya faɗa cikin abinci. Ya kuma sauka a kan wata sandar da aka shafa wa fenti bai bushe ba, ya ɓata ta. Ga asarar kaya, ga asarar aiki, ga tari.

ABIN DA YA FARU A MANYAN MASANA'ANTU

Mai haɗa sanda a gida zare kaɗan yake taɓawa. Amma akwai masana'antu inda ake yanka wannan zare buhu-buhu, ana yin yadin kujeru da shi. A can ne aka gane haɗarinsa.

A farkon shekarun 1990, a jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, ma'aikata 5 na wata masana'anta suka kamu da ciwon huhu mai tsanani. Da farko an ɗora laifin a kan funfuna. Bayan ƴan shekaru sai irin ciwon ya ɓulla a wata masana'antar a jihar Rod Ailan ta Amurka. Wani likita mai suna David Kern ya bi diddigi. A shekara ta 1998 shi da abokan aikinsa suka bayyana labarin mutum 8 masu wannan ciwo. Suka nuna cewa daga ƙurar zaren ne.

Ku saurari wannan da kyau. Guntun zaren da ido ke gani ya yi girma, ba ya kai wa can ƙasan huhu. Amma wuƙar da ke yanka shi tana barin ɓurɓushi wanda ido ba ya gani. Shi ne mai ɓarna. Kuma an lura ƙurar ta fi yawa lokacin shara, sa'ad da ma'aikata ke hure injuna da iska mai ƙarfi. Wato wajen neman tsabta ne suke ƙara shaƙar cuta. Alamun ciwon su ne busasshen tari da ƙarancin numfashi. Da yawa daga cikinsu sun samu sauƙi bayan sun bar wurin aikin.

YADDA ƘURA KE SHIGA JIKI

Mu yi ɗan lissafi tare. Babban mutum, in yana zaune, yakan numfasa kamar sau 15 a minti ɗaya. A awa ɗaya sau 900 ke nan. A kwana ɗaya sau 21.600. Kowane numfashi yana jan iska kamar rabin litir. Iskar kwana ɗaya ta haura litir 10.000. Wannan ya fi tano 50 mai cin litir 200. In mutum yana aikin ƙarfi, abin ya fi haka nesa. To duk abin da ke cikin wannan iska, ƙirjinmu yake nufa.

Allah ya yi wa jiki masu gadi. Gashin hanci yana tare manyan ƙura. Majina tana kama matsakaita. Cikin maƙogwaro da hanyoyin iska akwai wasu ƙananan gashi masu turo datti sama, mu yi kaki mu tofar. Shi ya sa bayan sussuka kakinmu ke fitowa da launin ƙasa.

Amma akwai ƙurar da ke wuce masu gadin nan duka. Ku ciro silin gashi ɗaya daga kai. Ku ɗauka an tsaga shi wajen gida 15. Kaurin kashi ɗaya, shi ne girman ƙurar da ke kai wa ƙasan huhu. Can ciki huhu yana da ƙananan jakunkuna masu taushi, inda iska ke shiga jini. In ƙura ta yi ta sauka a kansu shekara da shekaru, sai su kumbura, ko su yi tabo su taurare. Huhun da ya yi tabo ba ya komawa yadda yake.

Kuna iya ganin wannan ƙura da idonku. Da hantsi ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa. Ku dubi hasken rana da ke shigowa ta ƴar kafa. Ku kakkaɓe tabarma sau ɗaya. Za ku ga abubuwa suna yawo cikin hasken. Ku fita ku dawo bayan awa guda, za ku tarar ba su gama sauka ba. Babbar ƙura tana faɗuwa nan take. Ƙaramar tana daɗewa a sama tana jiranmu.

INA MUKE HAƊUWA DA ITA A NAN?

Mu ba ma fesa zare a sandar fatsa. Amma ku duba ayyukanmu, daga Bande zuwa Waca, daga Sassumburum zuwa Dogo-Dogo da Malawa.

Masu katifa da matashi suna aiki da audugar rimi, da ta tumfafiya, da furen kacalla na bakin tafki. Wannan ita ce ta fi kama da zaren da na ba ku labari. Tsofaffi mata masu gurza auduga da shiɓa ma haka.

Masassaƙa suna goge ƙota da turmi da magagari. Masu gyaran ƙwarya da gora suna kankare cikinsu, har da goran da masunci ke hawa cikin ruwa. Garin cikin ƙwarya yana da ɗaci, yana sa atishawa.

Mata suna sussukar hatsi da dawa, suna shiƙa, ƙaiƙayi na tashi. Ana casar wake, ana ɓarar gyaɗa. Dattawanmu sun tuna zamanin SONARA, wadda aka kafa a shekara ta 1962, lokacin da gyaɗar Magarya ke cika kasuwanni. Ku tambaye su irin ƙurar da ke tashi wurin ɓara da awo.

Mai injin niƙa yana wuni cikin gari, har gashin idonsa ya yi fari. Maƙera suna wasa ƙarfe. Magina suna zazzage siminti.

Sai samarinmu masu tafiya haƙar zinariya, tun da aka gano ta a Jado a shekara ta 2014. Ƙurar dutsen da ake fasawa ko ake niƙawa tana cikin ƙura mafi muni. Tana taurara huhu, kuma har yau ba a samu maganin da ke warkar da wannan ciwo ba. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

DARUSSA BAKWAI

Masu sandar fatsa da ma'aikatan masana'antu sun sha wuya kafin su koyi abin da zan lissafa maku. Mu an ba mu shi a sauƙaƙe. Ku rubuta a littattafanku.

Na ɗaya: a kama ƙura tun inda take fitowa.

Mai haɗa sanda ya gane cewa bin ƙura cikin ɗaki wahala ce. Sai ya samu kwali babba. Ya huda ƙofa biyu na shigar hannu. Ya rufe saman da farar leda mai nuna ciki. Ya sa sandar ciki ya yi feshinsa. Zaren da bai kama ba ya zauna cikin kwalin. Ya tattara shi ya sake aiki da shi. Ga lafiya, ga riba.

Mai goge ƙaramin abu, kamar ludayi ko ƙotar wuƙa, yana iya yin irin wannan kwali. Ba ya cin ko dala. Mai katifa ya sa bakin buhun auduga cikin bakin katifar, ya tura da sanda, maimakon ya baza audugar a ƙasa. Mai injin niƙa ya ɗaura hannun riga na yadi mai kauri a bakin injin, ya sauka har cikin kwano. Ya toshe duk inda gari ke tsiyaya. Mu ɗauka yana niƙa tiya 100 a rana, kuma a kowace tiya cokali ɗaya na tashi sama. Cokali 100 ke nan kullum. Garin mutane ne ya tafi banza, kuma wani kashi nasa a ƙirjin mai injin ya sauka.

Na biyu: a ba iska baya.

Aikin ƙura ba na cikin ɗaki rufe ba ne. A yi shi a fili ko ƙarƙashin rumfa. Kafin ka fara, ɗebi ɗan yashi ka saki, ka ga inda iska ta nufa. Ka tsaya iska na bugun bayanka, ƙura ta yi gaba. Iyayenmu mata sun san wannan wajen shiƙa tun kaka da kakanni. Abin da muke mantawa shi ne wanda ke gabanmu. Kada ƙurarka ta tafi kan maƙwabci, ko kan rijiya, ko kan yara. Da ɗari iska daga gabas da arewa take zuwa. Saboda haka masussuka ta fi kyau a yamma ko kudu da gari.

In dole sai cikin ɗaki, to a yi taga biyu masu kallon juna. Iska ta shiga ta ɗaya, ta fita ta ɗaya. Ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Wannan shi ne abin da ya cuci dattijon da na gaya maku.

Na uku: kada a hure, kada a kakkaɓe, kada a yi busasshiyar shara.

Wannan shi ne babban darasin masana'antun can. Ƙurar da ta kwanta ba ta shiga huhu. Wanda ya hure ta ko ya share ta da busasshiyar tsintsiya, ya sake tayar da ita. Masassaƙi, in ka goge ƙota kada ka hure da baki. Fuskarka ce mafi kusa da ita. Goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin shara a yayyafa ruwa, a jira kaɗan, sa'an nan a share a hankali. Abin da aka tara a kai shi rami ko juji, a rufe da ƙasa.

Na huɗu: ruwa abokin aiki ne, amma a san inda za a sa shi.

Mai wasa wuƙa ya jiƙa dutsensa. Mai kankare ƙwarya ya jiƙa ta tukuna. Mai fasa dutse ya zuba ruwa a kai. Jiƙaƙƙen gari ba ya tashi.

Amma a yi hattara. Ƙasa ake jiƙawa, ba amfanin gona ba. Gyaɗa ko hatsin da ya sha danshi yana yin funfuna, kuma funfunar gyaɗa guba ce mai lalata hanta. Audugar katifa ma ba a jiƙa ta, sai ta ruɓe. Kada kuma a watsa ruwa kusa da wayar lantarki.

Na biyar: a raba wurin aiki da wurin zama.

Mai haɗa sanda ya koyi cewa wurin goga daban, wurin fenti daban. In ya haɗa su, aikinsa ya ɓaci. Mu kuma abin da za mu raba ya fi fenti daraja. Wurin ƙura daban, wurin girki da kwana daban. Randa a rufe. Abinci a rufe. Kada a ci abinci a wurin aiki, kuma a wanke hannu da fuska kafin a ci.

Iyaye mata, ina roƙonku. Goyo ba ya zuwa masussuka, ba ya shiga ɗakin injin niƙa. Jariri ya fi babba saurin numfashi, kuma hanyoyin iskarsa ƙanana ne. Ku yi karɓa-karɓa: ɗaya ta zauna da yara a inuwa, can inda iska ke fitowa, sauran su yi aiki.

Ku ji abin da ya faru a Zamfara, a Nijeriya, a shekara ta 2010. Mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida. Suna daka shi a tsakar gida, suna niƙa shi da injin niƙan hatsi. Ashe dutsen yana da dalma. Ƙurarsa ta zauna a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin MSF, waɗanda suka fara aiki a nan Magarya a shekara ta 2005, suna cikin waɗanda suka gano abin. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba. Abinci suke nema wa ƴaƴansu. Rashin sani ne. Duk wanda ɗansa ya dawo daga wurin zinariya da dutse, kada a daka shi cikin gida.

Na shida: rigar aiki ta kwana a wurin aiki.

Zaren nan yana bin mai sanda har kan gadonsa in bai canza riga ba. Haka ƙaiƙayi, haka siminti, haka garin magani. A ware tsohuwar riga ɗaya da hula don aiki. In an tashi a tuɓe ta a hankali, kada a kakkaɓe. A wanke ta ita kaɗai, ba tare da kayan yara ba. A yi wanka kafin a ɗauki yaro.

Na bakwai: a rufe hanci da baki.

Na bar wannan a ƙarshe da gangan. Mutane da shi suke farawa, alhali shi ne mataki na ƙarshe. Amawalin rawani ko gyale yana tare babbar ƙura, ya fi babu. Amma ƙaramar tana ratsa yadi, tana kuma bi ta gefen hanci. Takunkumin da muka sani lokacin korona a shekara ta 2020 ma iri-iri ne. Wanda ya fi tare ƙura shi ne mai kauri, mai ɗan ƙarfe a kan hanci, mai kama fuska ba kafa. A jikinsa ana rubuta FFP2 ko N95. Ga amfanin karatu: ku duba rubutun kafin ku biya. In ya yi datti ko numfashi ya yi wuya cikinsa, a sake wani. Mai niƙa, da mai katifa, da mai fasa dutse, su ne suka fi bukatarsa.

ABUBUWA UKU DA ZA A KIYAYE

Na farko, maganar madara. Ana cewa in ka sha ƙura ka sha madara ko nono, za ta wanke. Nono abinci ne mai kyau, ku sha. Amma hanyar ciki daban, hanyar huhu daban. Abin da aka haɗiye tumbi yake zuwa. Ba ya wanke huhu.

Na biyu, wuta. Audugar rimi tana kamawa kamar fetur. Gari mai yawa da ke yawo cikin ɗaki rufe shi ma yana iya kama wuta. Ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir a ɗakin katifa ko ɗakin niƙa. Taba kuma tana kashe ƙananan gashin nan masu share maƙogwaro. Mai aikin ƙura da ke shan taba ya haɗa wa kansa cuta biyu.

Na uku, garin magani. Maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka guba ne. A zuba iri da magani cikin abu mai murfi, a rufe, a girgiza, a jira ya kwanta kafin a buɗe. Kada a cuɗa da hannu cikin ƙwaryar abinci. Wajen ajiyar wake kuwa, buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasarmu wajen shekara ta 2007, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba.

LOKACIN ƊARI

Daga Nuwamba hazo ke saukowa. Yawancinsa daga wani kwari yake tasowa mai suna Bodele, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. A daidai wannan lokaci ne muke sussuka da casa. Ƙura biyu ke nan a kan hanci ɗaya.

Busasshiyar iska da ƙura suna farfasa cikin hanci da maƙogwaro. Ƙura ba ita ce ke haifar da sanƙarau ba. Ƙwayar cuta ce, mai bi daga mutum zuwa mutum. Amma hancin da ya farfashe ya fi saurin ba ta hanya. Ba mu manta ba: daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi yawan masu ciwon. Saboda haka ranar da hazo ya yi kauri a rage aikin ƙura. In an yi shelar allurar rigakafi kowa ya fito da iyalinsa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Gawon da muka bari ya tsiro a gonakinmu na Magarya da Matamai da Mirya yana rage ƙarfin iska, yana riƙe ƙasa. Mu ci gaba da barinsa. Mu dasa shinge kewaye da masussuka.

YAUSHE ZA A JE LIKITA?

Ga alamu. Tarin da ya wuce sati 2. Numfashi sama-sama wajen aikin da da ba ya gajiyar da kai. Ƙirji mai kuka kamar mage da dare. Kaki da jini. Rama da zufan dare. Tarin da ke tsananta ranar aiki, ya yi sauƙi ranar hutu.

Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya je likita. Kada ya tsaya sayen ƙwayoyi a tebur. A auna kakinsa, domin ciwon ƙura da tarin fuka suna kama da juna. In tarin fuka ne yana warkewa, amma sai an sha magani wata 6 ba fashi. Kuma ka gaya wa likita sana'arka, da shekarun da ka yi kana yin ta. In ba ka faɗa ba zai yi ta nema a wani wuri. Ma'aikatan Kanada da Amurka ma sai da aka dubi aikinsu sa'an nan aka gane ciwonsu.

AIKIN WANNAN SATI

Ban ce kowa ya bar sana'arsa ba. Sana'a ita ce rufin asiri. Cewa na yi mu gyara yadda muke yin ta. Cikin darussan nan bakwai, shida ba sa bukatar kuɗi mai yawa: kwali, tsumma, ruwa, taga, tsohuwar riga, da sanin inda iska ta nufa.

Ga gwajin da nake so kowa ya yi. Ka samu baƙin ƙyalle ko murfin kwano mai duhu. Ka ajiye shi inda yaranka ke kwana, ranar da ka yi aiki. Da safe ka ja yatsa a kai. Sa'an nan ka bi darussan nan kwana 7, ka sake gwadawa. Ka zo cibiya ka faɗa wa ƴan'uwa abin da ka gani.

Malam zai rubuta tambayoyin nan a allo, ku tattauna:

1. Waɗanne ayyuka ne suka fi tayar da ƙura a garinmu?
2. Ina masussukarmu take? Ina iska ke kai ƙaiƙayinta?
3. Ɗakin injin niƙanmu taga nawa gare shi?
4. Wa zai riƙe yara ranar sussuka?
5. Wa muka sani mai tarin da ya wuce sati 2? Wa zai raka shi likita?

Mai gari, maganar masussuka da tagar injin niƙa a hannunka take, kai da dattawa. Sarkin ruwa, ka isar wa masunta da masu gyaran gora. Iyaye mata, maganar goyo taku ce. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Dattijon nan mai katifa ya ba ni saƙo. Jikansa ya gaji sana'ar. Ya ce in gaya wa yaron ya fito da aikin waje, ya huda taga ta biyu. Na gaya masa, kuma ya yi. Ku ma na gaya maku. Rigakafi ya fi magani.